Kafin ka sayi littafin jami'a na intanet

Abu na farko ka gane lasisi ka saya ba littafin ba, shi yasa bazaka iya turawa abokinka ko ka sayar ba. Duba haya ne ko na dindindin, a VitalSource, shafin sayar da littattafan karatu na intanet, hayar kwana 180 ta fi yawa, wa'adi na cika littafin ya kulle ko da gobe ne jarabawa, to ka kwashe bayananka a takarda tun da wuri.

Littafin da ake buɗewa da manhajar Adobe Digital Editions kuwa na'ura 6 kawai ake yarda, kar kayita sawa a wayar kowa. Lambar shiga shafin karatu na kamfanin buga littattafai Pearson sau ɗaya take aiki, kar ka sayi ta hannu wallahi asara ce. In aljihu babu nauyi leƙa shafin littattafai na OpenStax na jami'ar Rice, kyauta ne.