Tarin yara mai tafiya ya dawo

Assalamu alaikum iyaye mata. Tunda hazo ya fara sauka nan Gusau, bari in faɗa muku abin da na koya a kan autana.

Bara sau huɗu yana kwanciya da tari da majina. Kowane karo sai in aika kemis a haɗo magani, ya lafa, bayan sati uku ya dawo. Da muka je asibiti, nas ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ta ce in riƙa yi a gida in yana kwance shiru: ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu. Haka in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko ya ƙi nono. Wannan kam asibiti ne nan take.

Da ta tambaye ni ko yana shaƙar hayaƙi, kunya ta kama ni. Goye nake da shi gaban murhu, ga turaren wuta, ga maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki rufe. Yanzu sai gidan sauro, girki kuma a tsakar gida.

Tarin da ya wuce sati 2, a gwada tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati. Ku duba katin rigakafi ma, allurar nimoniya ta sati 6, 10 da 14. Zuma tana sanyaya maƙogwaro, amma ban da jaririn da bai shekara ba.