Yadda Ake Tantance Tsofaffin Komik na Yara da Adana Su

Littattafan komik, wato na labari cikin zane, da aka buga a Amurka daga 1938 zuwa ƙarshen shekarun 1960 ba a yi su don su daɗe ba. Takardar jarida ce mafi arha, aka ɗinke ta da ƙusar sitefila biyu, aka sayar wa yara a kan santi 10. Yaro ya karanta, ya naɗe ya cusa a aljihu, gobe ya yi musaya da abokinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma an yi ta tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, komik masu yawa suka bi ta nan. Shi ya sa waɗanda suka tsira suke da daraja. Kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1, inda Superman ya fara bayyana a 1938, an yi gwanjonsa dala miliyan 6 a 2024. Yawancin abin da zai zo hannunka bai kai ko kusa da haka ba, amma yadda ake duba mai tsada haka ake duba mai arha.

Fara da gano shekara da bugu

Kada ka tsaya ga bango. Buɗe littafin ka nemi 'yan ƙananan rubutu a ƙasan shafin farko ko a cikin bango. A nan ne kamfani yake rubuta cikakken sunan jerin, lamba, wata da shekara. Watan da ke jiki yakan zo bayan ainihin ranar fitowa kasuwa da wata biyu ko uku, don haka idan ka ga wata kwanan wata da aka rubuta da fensir ko aka buga da hatimi a bango ta saɓa, ba matsala ba ce. Dillali ne ya rubuta ranar da kaya suka iso.

Farashin bango ma shaida ne. Santi 10 ya tsaya har wajen 1961, sannan aka koma santi 12, a 1969 kuma manyan kamfanoni suka kai shi 15. Ƙaramin hatimin Comics Code mai kama da kan sarki a kusurwar bango yana nufin 1955 ko bayanta, domin a 1954 aka kafa hukumar da ke ba da shi, mai tace abin da ake bugawa a komik. Sai dai rashin hatimin ba ya tabbatar da tsufa. Kamfanin Dell, wanda ya buga Donald Duck da Bugs Bunny da sauran dabbobin ban dariya, bai taɓa shiga hukumar ba, haka ma Gold Key da ya gaji yawancin waɗannan taurari a 1962.

Masu tara na dabbobi suna yawan ruɗewa a kan jerin Four Color na Dell. Kowace fitowa da nata tauraron, sunansa ne babba a bango, lambar jerin kuma ƙarama ce. Misali, Uncle Scrooge na mai zane Carl Barks ya fara fitowa ne a Four Color lamba 178 a 1947, cikin littafin Donald Duck, kuma littafinsa na farko na kansa shi ne lamba 386 a 1952. Wanda yake neman “lamba 1” a bango zai wuce shi bai sani ba.

A kula da maimaicin bugu. A 1974 kamfanin DC ya sake buga Action Comics lamba 1 cikin jerin Famous First Edition, da ƙarin bango a waje. Idan aka cire bangon wajen, na ciki yana kama da na asali ƙwarai. Abin da ke tona shi girma ne: ya fi na asali faɗi da tsawo nesa ba kusa ba. Na asali faɗinsa kusan inci 7 da rabi ne, tsawonsa ya ɗan haura inci 10.

Dubawa kafin a biya kuɗi

Wanke hannu ka busar sosai. Safar hannu ta auduga ba ta da amfani a nan, tana rage jin yatsa kuma tana kama gefen shafi. Ɗora littafin a tafin hannu ɗaya ko a kan tebur mai tsabta, ka buɗe shi rabi-rabi, kada ka danne tsakiyarsa.

Abu na farko shi ne ƙirga. Littafi mai shafi 36 har da bango yana da ganyen ciki 8 kafin ƙusa da 8 bayanta. Mai shafi 52 yana da 12 da 12, na farkon zamani mai shafi 68 kuma 16 da 16. Idan ka sami 7 da 7, takardar tsakiya ta fita, kuma ita ce ta fi yawan ɓata domin ƙusa kawai ke riƙe ta. Idan ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, an yage ganye ɗaya. Sannan ka bi shafukan talla ɗaya bayan ɗaya, domin yara suna yanke takardar oda su aika, yankan kuma yana cin labarin da ke bayan shafin. The Incredible Hulk lamba 181 na 1974 ya yi suna a kan wannan: akwai wani kan sarki na talla a ciki da aka yanke daga kwafe da dama, kuma rashinsa yana karya farashi sosai.

Daga nan sai ƙusa. Tsatsa takan bar jan tabo a takarda, tabon kuma yana ci gaba da cin wurin. Ƙusa mai ƙyalli a littafin da ya yi duhu, ko ƙarin ramuka kusa da ita, alama ce an canza ta.

Launin takarda yana faɗin sauran kwananta. Daga fari take komawa ruwan madara, sannan ruwan ƙasa, musamman a gefe. Dalili shi ne sinadarin lignin da ke cikin itacen da aka yi ta da shi, wanda haske da zafi da iska suke mayarwa asid. Idan ka ga ɓurɓushin takarda a ƙasan leda, ko kusurwa tana karyewa maimakon lanƙwasa, takardar ta bushe ta mutu, kuma babu gyaran da zai dawo da ita. Wannan aibin ya fi yagewar bango muni, ko da bangon yana sheƙi. Shinshina ma: warin fumfuna yana nufin ta sha danshi.

Gyaran ɓoye shi ne inda ake yawan cutar mai saye. Wasu suna cike farin layin da lanƙwasa ta bari da alƙalami mai launi. Juya cikin bango daidai wurin, sau da yawa tawadar ta ratsa. Tocila mai hasken shuɗi irin ta duba kuɗi tana fito da sabuwar tawada da gam a ɗaki mai duhu. Gefen da ya yi santsi fiye da kima, ko littafi ya ɗan gaza ɗan'uwansa na zamani ɗaya faɗi, an datse shi ne. Kamfanin CGC, wanda tun 2000 yake duba yanayin komik ya ba da maki daga 0.5 zuwa 10, yana saka wa wanda aka gyara tambari mai launin shunayya, kuma masu saye suna biyan ƙasa da na wanda ba a taɓa ba. Layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar bango kuwa ba ha'inci ba ne, ninkin gidan waya ne na waɗanda aka aika wa masu rajista, kuma ya zama ruwan dare a littattafan Dell.

Tsaftacewa

Kaɗan ya isa. Share ƙura da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Dattin fensir ko na hannu a farin wuri ana iya ɗauke shi da farar kilina mai taushi, a hankali, ta fuska ɗaya. Kada ta taɓa wuri mai launi, tawadar tana bin ta. Ruwa, gam, dutsen guga da salatef duk a nisance su. Salatef yana rawaya, ledarsa ta faɗi, gam ɗinsa ya shige cikin takarda ya bar tabo har abada. Yagewar da aka bari yadda take ta fi wadda aka liƙe daraja.

Ajiya

Kowane littafi da ledarsa da kwalinsa na baya marar asid. Ledar na farkon zamani faɗinta kusan inci 7 da kwata uku ne, ta shekarun 1960 kusan inci 7 da ɗigo. Matsattsiyar leda tana lanƙwasa kusurwa, sakakkiya kuma tana barin littafi ya yi ta zamewa. Ledar da ake kira Mylar ta fi kowacce daɗewa. Leda mai arha ta polypropylene tana aiki, amma a canza ta da kwalin bayan 'yan shekaru, ko da zarar ta fara yamutsewa. A guji ledar PVC gaba ɗaya. Idan da salatef kake rufe bakin leda, cire shi ɗungurungum kafin ka zaro littafi, domin nan ne yake cafke bango.

Jera su a tsaye cikin akwatin kwali daidai girmansu, kada su cushe, kada kuma su kwanta gefe. Tulin da aka ɗora kwance yana sa ƙashin bayan littafi ya murɗe, saboda gefen ƙusa ya fi kauri. Ɗaki ya kasance mai duhu, zafinsa wajen digiri 18 zuwa 21, danshi tsakanin kashi 35 da 50 cikin ɗari. Idan danshi ya haura 65 fumfuna na iya tashi, kuma hawa da saukar yanayi ya fi tsayayyen ɗumi illa. Ɗaga akwati daga ƙasa, nesa da bango mai jiƙa, ka riƙa leƙawa saboda gara da kyankyaso. Littafin da ya yi fumfuna a ware shi nan take. Idan kana son rataye bango mai kyau, yi kwafin hotonsa ka rataye wannan, domin ja da rawaya su ne farkon kodewa a haske.

Yara kuwa sun cancanci su karanta waɗannan labarai da hannunsu, su kwanta da su. Sai a saya musu sabon bugu, kamar tarin ayyukan Carl Barks da kamfanin Fantagraphics ya fara fitarwa a 2011. Babba ya fara karantawa kafin ya miƙa, domin wasu littattafan shekarun 1940, na jarumai da na dabbobi duka, suna ɗauke da zanen wulaƙanci ga baƙaƙen fata da mutanen Asiya, kuma yaro zai buƙaci a yi masa bayaninsa.