Yadda ake haɗa hannun hukumomi a kan wanda matsaloli suka yi wa taron dangi

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu aikin taimako a unguwanninmu na Kano shi ne su rubuta wa mabuƙaci takarda, su ce ya je Hukumar Zakka da Hubusi, daga nan ya wuce Hisbah, sannan ya biya Asibitin Murtala. Matar da mijinta ya rasu, take fama da hawan jini, ɗanta ya faɗa shaye-shaye, mai gidan haya kuma ya ba ta notis, ba ta da kuɗin adaidaita sahu na wannan zirga-zirga, balle ƙarfin zuciyar maimaita labarinta a gaban baƙuwar fuska sau uku.

Da farko a naɗa mutum ɗaya tak ya riƙe lamarin har ƙarshensa. Na taɓa barin lamarin wata baiwar Allah a hannun mutum uku, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya kai ta asibiti, sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya muka gane babu wanda ya je. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kwamiti a wannan mataki ba. Wanda aka naɗa, kuma mace ce ta dace da mace, ta sayi littafin rubutu, ta zauna da matar da ake taimaka wa a tsakar gida ta ce, "Baba, wanne ne ya fi hana ki barci?" Abin da ta ambata da shi za a fara, ko da kuna ganin wani ya fi shi gaggawa. A nemi izininta kafin a kai sirrinta kowane ofis, musamman maganar ɗanta.

Sai takardu: lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, shaidar mai unguwa da katin asibiti. A yi fotokwafi biyar tun a unguwa, domin na bakin ofis ya fi tsada, na asali kuma su zauna a hannunta.

Daga nan a riƙa raka ta da ƙafa. Maganar haya a kai Hisbah a yi sulhu, yaron a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau ya ga likita, kada a kuskura a kai shi gidan mari. A kowane ofis a karɓi lambar wayar jami'i ɗaya a rubuta, duk Juma'a bayan la'asar a buɗe littafin a bi su ɗaya bayan ɗaya.