Tumbin Abuja da ƙwayar bitamin E: ga 'yan'uwa da suka sauka kwanan nan

Duk wanda ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram ya sauka Abuja, za a faɗa masa maganar takardu, da ɗakin haya, da inda ake canjin sefa. Ba mai yi masa zancen cikinsa. Ni ma haka aka bar ni. Shekara biyu da zuwana na koma gida Sallah, wandon da na ɗinka kafin in taho ya ƙi shiga, Inna kuwa sai shi mini albarka take yi wai birni ya karɓe ni.

A gida ƙafarka ce motarka. A nan in kana kwana a Mararaba ko Nyanya kana aiki a Wuse, da asuba za ka fita, ka zauna cikin cunkoso, ka wuni zaune a shago, da dare ka ratse wajen mai shayi: indomi biyu da ƙwai, burodi, shayi ya sha suga. Da rana kuma lemon kwalba ya maye gurbin fura. Kafin ka ankara teɓa ta fito. Kitsen ciki kuwa shi ne wanda ke tafe da hawan jini, da ciwon suga, da taruwar maiƙo a hanta.

A nan ne wani zai nuna maka 'yar ƙwayar nan mai ruwan zuma da ake sayarwa a kemis, ya ce bitamin E ce, tana wanke jiki, tana gyara fata, har da haihuwa. Zancen haihuwar yana da asali: a 1922 aka gano sinadarin a Amurka, a gwajin da aka yi kan haihuwar ɓeraye. Ɓeraye fa, ɗan'uwa.

Abin da ya kamata ka sani shi ne bitamin E a cikin mai take narkewa, kuma mafi yawan wadda ke jikin mutum a cikin kitse take zaune. Sai ka ɗauka mai ƙiba ya fi kowa samun ta. Ba haka abin yake ba. Kitsen yana riƙe ta kamar hatsin da aka kulle a rumbu aka ɓatar da mabuɗi, ga shi kuma jikin da suga da maiƙo suka yi wa yawa ya fi buƙatarta. Ko gwajin jini yana iya yaudara, domin tare da maiƙon jini take yawo. In maiƙon ya yi yawa sai lambar ta fito kamar lafiya lau. Shi ya sa likitoci ke duba ta tare da kolestarol.

To sai a sha ƙwayar? Kada ka yi gaggawa. Abin da babba ke buƙata a rana miligiram 15 ne kacal, ƙwayar kemis mai lamba 400 kuwa ta ninka hakan sau goma da ɗoriya. Yawanta na tsinka jini, haɗari ne ga mai shan maganin hana daskarewar jini irin wafarin. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2011 ya nuna mazan da suka yi shekaru suna shan mai lamba 400 kullum sun fi kamuwa da kansar furosteti, wato wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin ɗari. Akwai masu ciwon maiƙon hanta da likita kan rubuta wa ita, amma wannan aikin likita ne bayan gwaji, ba shawarar maƙwabcin shago ba.

Abin dariyar, abincin da muka baro shi ne ke ɗauke da ita. Gyaɗa cikin tafin hannu tana ba da kusan miligiram 2, cokalin man gyaɗa ma haka. Akwai ta a manja, da alayyafo, da zogale, da piya. Duk za ka samu a kasuwar Utako ko Wuse, in kana son rahusa ka leƙa Karmo ran Talata. Ƙuliƙuli ba ya kai gyaɗa, an riga an matse mansa. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi kuwa, irin na wasu masu ƙosai da doya a bakin titi, zafi ya cinye abin da ke cikinsa. Matan gida ma su rage ƙona manja har ya yi hayaƙi. Kuma mai dai mai ne, da cokali ake zuba shi ba da ludayi ba.

Ka riƙa sauka mota tun kafin ka kai shago ka taka sauran. Sau ɗaya a shekara ka shiga ƙaramin asibitin unguwa a auna maka jini da suga, ko ba ka jin komai. A ɗaki kuma ga gwajin da ba ya cin ko naira: ka yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya da ita saitin cibiya. In bakinta bai haɗu ba, lemon kwalba da shayin dare za ka fara ragewa.