Kurakuran da Ke Lalata Albasa a Akwatin Busarwa na Rana

Idan albasa ta yi yawa a Aliero ko Galmi wajen Maris da Afrilu, kuɗinta ya faɗi, yankawa a busar hanya ce ta rage asara. Sai dai da yawa suna haɗa akwatin busarwa, su zuba albasa, bayan kwana biyu su kwashe ta a jiƙe tana tsami. Galibi matsalar lissafi ce.

Ɗanyar albasa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ce. Kilo 10 na yankakkiya zai koma kilo ɗaya da 'yan kai, wato sai ruwa kusan kilo 9 ya fita. Kowane kilo na ruwa yana cin zafi kamar kashi biyu cikin uku na yunit ɗin wuta kafin ya zama tururi, jimla yunit 6 ke nan. Ranar bazara a ƙasar Hausa tana zuba yunit 5 zuwa 6 a kan murabba'in mita ɗaya a yini, amma akwatin gida ba ya cin moriyar fiye da sulusinsa. Ke nan murabba'in mita ɗaya na baƙin kwanon da ke kama zafin rana a akwatin, ruwa kilo 2 zuwa 3 yake iya fitarwa a yini. Wanda ya juye rabin buhu a ƙaramin akwati, ya jira ruɓa. Kilo 10 yana son murabba'in mita biyu na baƙin kwano da yini biyu, a baza kamar kilo 4 a kowane murabba'in mita na raga.

Wasu kuma suna toshe ko'ina don zafi ya taru. Alama ita ce gumi yana tsatsafowa a cikin leda ko gilashin da aka rufe akwatin da shi, yana ɗiga kan albasar. Dahuwa take yi a haka. Iska ce ke kwashe laima: a bar ƙofa a ƙasa, a yi mafita a sama, a rufe duka da ragar sauro saboda ƙuda. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 da farantin sola na wat 10 zuwa 20 sun isa, ba sai da batir ba, don ranar da ta fi zafi ita ta fi juya fankar.

Zafin ya tsaya tsakanin 50 da 60 a ma'aunin Salshiyos. Ya wuce 65, sukarin albasar ya fara ƙuna, ta yi duhu, ƙanshin ya gudu. A rataya ma'auni a ciki, a ƙara buɗe mafita da tsakar rana.

Yanka ma akwai magana. Kaurin milimita 3 zuwa 5, kuma bai ɗaya, in ba haka ba siraran su ƙone masu kaurin suna ɗanye. Ragar ƙarfe mai tsatsa tana baƙanta albasa, ta roba ta fi. A yanka da sassafe, don wadda aka yanka da la'asar kwana za ta yi a jiƙe.

Da magariba a rufe ƙofofin, raɓa na mayar da aiki baya. An gama idan yankin ya karye ƙas a hannu. In ya lanƙwashe, da saura. A bar ta ta huce kafin a zuba a kwalba ko bokiti mai murfin kirki, a ajiye a inuwa. Buhun algarara ba ya tsare ta, tana shan laimar iska ta dunƙule kafin damina ta yi nisa.