Yadda nike rina nap ɗin tabur na buki a gida ba tare da na zubar da kuɗi ba

Lokacin bukin ƙanwata nan Yamai ne na fara wannan aiki, ba don gwaninta ba, don dole. Mun biya hayar kujeru da tabura da rumfa, sai mai dekorasiyo ta faɗi kuɗin nap, wato yadin da ake shimfiɗawa bisa tabur, shi kaɗai, na lissafa na ga da wannan jikkunan zan sayi yadi in rina kuma ya zama nawa har abada, ita ko nata washegari za ta zo ta kwashe abinta. To ga yadda nike yi.

Wallahi duk rinin nan a kasuwa ake cinsa ko a faɗi, wurin sayen yadi. Ki nemi farin yadi na auduga zalla, akoko ko alawayyo, Gran Marshe ko Wadata duk akwai, kuma kar ki yarda da rantsuwar mai shago, ki ce ya yanko miki ɗan ƙyalle ki sa mishi ashana. In auduga ce zai ci da wuta yana warin takarda ya bar toka mai laushi, in ko ya narke ya dunƙule baƙi kamar leda to poliyesta ne, ki aje mishi kayanshi ki yi gaba. Ni karon farko ban san wannan ba, na kwaso metir 20 na wani yadi mai sheƙi don ya fi araha, na wuni ina tsomawa ina fiddawa, da na ɗauraye sai ga launin duk ya bi ruwa, abin ya fito kamar an zuba mishi shayi.

Awo kuma ki auna taburin da za a kawo miki, ba na ɗakinki ba. Ki ƙara santimetir 25 zuwa 30 kowane gefe don ya sauko, da ɗan ƙari saboda auduga tana tsukewa in ta sha ruwan zafi. Ki wanke yadin da omo da ruwan zafi tukuna, sabon yadi yana da sitaci a jiki wanda ke hana rini shiga, kuma a kai ma tela ya yi kalmasa kafin rini da zaren auduga, in ba haka ba zaren zai tsaya fari fat a bakin nap.

Kayan rini uku ne, galura da soda, wato soda kostik ba ta girki ba, da hidro, wato farin garin da ke sa galura ta narke ta kama yadi, wurin masu saida kayan rinin shadda za ki same su tare. Ni ma'aunina cokali 2 na galura, 2 na soda, 3 na hidro cikin ruwan zafi kamar litir 5, amma galura kala kala ce, ki tambayi mai saidawa ƙarfin tashi kuma ki gwada da ƙyalle. A nan ne nike so ki buɗe kunne, yaya. Soda tana cin fata, ki sa safar hannu ta roba mai tsawo, ki rufe hanci, ki yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, yara a kore su gidan maƙwabta. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa bisa soda, tana iya tartsatsi ta fantsamo miki a ido. Kuma kada ki kuskura ki haɗa cikin tukunyar dalma irin ta Katako, soda tana cinye ta, ki tafasa ruwanki a tukunya ki juye cikin baho na roba, da icen motsawa wanda ba zai sake komawa madafa ba.

Ki jiƙa yadin da ruwa ki matse kafin ki tsoma, ki riƙa juya shi ƙarƙashin ruwan kamar minti 10 zuwa 15. Kar gabanki ya faɗi in kin ga launin cikin baho ba shi kika saya ba, shuɗi yakan fito kore kore ko rawaya, sai kin fidda kin baza ya sha iska sannan ya juye a gaban idonki, wannan wurin har yau daɗi yake mini kamar dabo. Daga nan ɗauraya har ruwa ya fita garau, na ƙarshe da ɗan binegar, a shanya a inuwa don ranar Yamai ba ta da tausayin launi. Jiƙaƙƙen yadi kullum ya fi busasshe duhu, da wannan za ki yi lissafi.

Abin da nike ba kowa shawara, kar ki ce sai kin yi launi ɗaya sumul kamar na kanti. A baho ba zai yi ba, ruwan farko ya fi na uku ƙarfi, nap goma za su fito goma daban daban kuma a jere ido zai gani. Ki yi ɗauri. Ki tattara yadin ki cukuikuye ki ɗaure da igiyar leda, ko ki ninke shi kamar mafici ki ɗaɗɗaure tsakani, ko ki sa ƴan duwatsu ki ɗaure kowane ya ba ki zobe zobe. Ɗauri yana ɓoye bambancin launi, kuma in miya ta zuba ko maiƙon soyayyen nama, ba mai lura sai ke.

Masu son na gargajiya, ɓawon albasa yana ba da launi tsakanin rawaya da ƙasa ƙasa mai kyau, kuma mu da albasar Galmi ta cika kasuwa ɓawon kyauta za ki tsinto wurin masu buhu. Sai dai auduga ba ta kama shi haka kawai, ki fara jiƙa yadin cikin ruwan bagaruwa, sannan ruwan alif kamar giram 100 zuwa 150 ga kilo ɗaya na yadi, sannan ki dafa shi cikin ruwan ɓawon awa guda. Bagaruwa da ruwan tsatsar ƙusa kuma toka toka suke badawa. Bisap kam ki bar shi a kofi, jan yana ruɗi amma wanki biyu ya tafi.

Ki yi aikin sati biyu kafin buki, ba jajibiri ba. Ana gobe ki sa sitaci ko ruwan ƙaro ki goge, ki naɗe su bisa kara maimakon ninkewa don kar layi ya fito. Nawa guda 12 shuɗi ne masu zobe, sun yi bukin ƙanwata, sun yi suna biyu, yanzu matan foyandinmu ke aro, ɗaya ma har yau ba a maido ba kuma na san gidan da yake.