Idan an yi maka sata, ga inda za ka bi

Ɗan'uwa, rundunar 'yan sandan Najeriya ɗaya ce, ta tarayya, kamar yadda sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Amma sata a Kano ko Katsina laifin jiha ne, kotun jiha ce ke shari'arsa.

Fara da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka ba da bayani a rubuce, ka riƙe sunan jami'in da ke bincike. In DPO, wato shugaban ofishin, ya yi ta jan ƙafa, rubuta wa kwamishinan 'yan sanda. In ƙarar ta kai kotu ta tsaya cik, abin da ke ci mini rai ke nan, kai koke ga babban lauyan jiha: sashe na 211 ya ba shi ikon karɓe ta.